Barbarar Namun Dawa A Idon Maharbin Kudancin Katsina

Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasa ce da dazuzzuka suka yi wa ƙawanya: ga Rugu, ga Kogo, ga Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ga kuma Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. A irin waɗannan dazuzzuka ne maharban da suka naƙalci halayen gada da barewa da gwanki, musamman a lokacin barbara, sa'ad da namiji ke rage tsoro saboda neman mace.

Kowace dabba da irin alamarta. Namijin gada yana da wani ɗan rami a ƙarƙashin ido mai fitar da baƙin maiƙo, wanda yake gogawa a tsinken itace don ya shata iyakarsa. Namijin barewa kuwa yakan tara kashinsa wuri guda, ya riƙa komawa can. Shi ko gwanki, in maza biyu suka haɗu a kan garken mata, sai su durƙusa bisa gwiwoyinsu su yi ta karo da ƙaho har ɗaya ya juya baya. Maharbi in ya ga turmusasshiyar ƙasa da shaidar gwiwa, ya san garke na kusa. Sai ya bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, wani lokaci ma ya ɗaura kan burtu a goshi, ya riƙa rarrafe kamar tsuntsu mai kiwo.

To, me ya hana wannan sani ya ƙarar da namun? Dalili na farko shi ne makami, domin kibiya ba ta cin nesa. Na biyu kuma shi ne lokaci. Babbar farauta aikin rani ce, bayan an kawar da amfanin gona. Da damina kowa na gonarsa, ciyawa ta yi tsawo, uwa ta sami inda za ta ɓoye ɗanta har ya yi ƙwari. Wannan hutu na da muhimmanci, don kuwa gwanki na ɗaukar ciki kimanin wata 9, kuma ɗa guda take haifa.

Zuwan Turawa ya shigo da hukuma cikin lamarin. An yi dokar kare namun daji a 1916, aka keɓe Kamuku a 1936, sannan Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tata dokar a 1963, wadda ta sa lasisin farauta. Amma bindiga da fitilar goshi sun riga sun sauya sana'ar. Mai harbin dare ƙyallin ido kawai yake gani, ba ya bambance namiji da mai ciki. Farin 1973 da na 1984, da saran daji don noma, suka ƙara ƙuntata wa namun.

A 1999 Kamuku ya zama gandun daji na ƙasa, a 2020 kuma aka amince a ba Kogo irin wannan matsayi. Sai dai a Disambar wannan shekara ce 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara suka yi daji da su. Dajin da ba ya shiguwa, ba a koyon sawu a cikinsa. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan maharbin da bai taɓa bin ubansa dawa ba, sunan gwanki kaɗai zai gada.