Ajalin Alƙali da Nafaƙar Yaro a Ƙasar Zazzau

Tun kafin Turawa su sauka Zariya a 1902, alƙalin birni ya san cewa wanda aka yi ƙara yana da haƙƙin roƙon a saurara masa, domin abu ne da fiƙihun Malikiyya ya riga ya tsara, har malamai kan kafa hujja da wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari, inda ya umurce shi da ya yanka wa wanda shaidunsa ba sa kusa lokacin da zai kawo su. Wannan shi ne ajali. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa, a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da har yau ba ya nisa da hannun alƙalanmu, ya bar ƙaddara shi ga ijtihadin alƙali, sa'an nan ya ambaci abin da aka saba a da'awar da ba ta gida ko gona ba: kwana 8, sai 6, sai 4, sai 3 na talawwumi, wato jinkirin ƙarshe, jimla 21, bayan haka a yi i'izari, wato a tambayi mai shari'a ko yana da sauran hujja, a yanke hukunci.

Amma shari'ar ciyar da yara tana da wani sirri wanda ya raba ta da sauran, kuma shi ya kamata mai karatu ya riƙe. Uba ne ke ɗauke da nafaƙar ɗansa har ya balaga, da ta 'yarsa har ta tare a ɗakin miji, ko da riƙo yana hannun uwa bayan rabuwar aure. Sai dai yayin da nafaƙar mace kan zama bashi a wuyan miji mai hali, ta yaro, kamar yadda Muhtasar na Halil ya nuna, tana saraya da shuɗewar zamani, in ba alƙali ya riga ya hukunta ta ba, ko wani ya ciyar ba da niyyar kyauta ba. Dalili kuwa shi ne an wajabta ta ne don toshe buƙatar ranar. Ashe kowane ajali da aka ba uba, daga tuwon yaro ake yankarsa.

A cikin ganuwa abin bai cika tsawo ba, domin uba sananne ne, mai unguwa ya san ƙofar gidansu, kuma kunyar a ce an kai shi gaban alƙali saboda 'ya'yansa takan sa ƙanen uba ko waliyyi ya kashe maganar tun a zaure. Jirgin ƙasa ne ya sauya al'amarin. Da aka kafa Sabon Gari a gefen tasha wajen 1911, sa'an nan Samaru ta tashi daga gonar gwaji ta zama mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka sami wani irin magidanci wanda ba shi da rumbu, ba shi da zauren kakanni, sai albashin ƙarshen wata, wanda kuma yau yana Zariya, gobe an yi masa canjin aiki zuwa Gusau ko Jos. Uzurinsa sau da yawa gaskiya ne, ba na musun haka: ga takardar wurin aiki, ga rashin lafiya, ga watan da bai mutu ba.

Kotunan ma suka yi ta sauya riga. Aka horar da alƙalai a unguwar Kongo ta Zariya, dokar 1967 ta karɓe kotuna daga hannun En'e ta mai da su kotunan yanki, a 2001 kuma Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'a. Lauya, wanda a zamanin En'e ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali, ya sami shiga, da shi da takardarsa ta neman ɗage zama. Sai ka ga mace ta taso daga Samaru da goyo, ta biya kuɗin mota, ta wuni a kan benci, a kira sunanta, ta durƙusa ta ce "Allah ya gafarta Malam," magatakarda ya karanta wata rana cikin wata mai zuwa.

A ganina, alƙalin da ya karɓi uzurin uba ya yi daidai, matuƙar a wannan zaman ya ƙaddara abin da za a riƙa bai wa uwa, na hatsi da cefane da magani, gwargwadon halin uban, a rubuta, ya fara aiki daga ranar, kafin a dawo a ji sauran hujjoji.