Ma'anar kalmar "panic" da inda ta samo asali

Duk mai zaune a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya saba jin ana cewa "no panic" da zarar an ɗan samu hayaniya a tasha ko kasuwa. Da Hausa za mu iya cewa firgici, ko razana, ko gigicewa. Amma ba kowane tsoro ake kira panic ba. Tsoro yana da dalili, ka ga maciji ka ja da baya. Shi kuwa panic firgici ne na farat ɗaya da ke ɗauke wa mutum tunani, kuma yana yaɗuwa cikin taro, kowa na gudu don ya ga na kusa da shi na gudu.

Asalin kalmar daga Girka ne. A camfin Girkawan dā akwai wani abin bauta da suke kira Pan, wai shi ne mai kula da makiyaya da garkunansu da dazuzzuka. Suna zana shi da jikin mutum, amma ƙafafu da ƙahoni na akuya. Sun yi imani cewa idan aka tashe shi daga barcin rana sai ya kwarma ihu, dabbobi su watse ba tare da makiyayi ya ga abin da ya kore su ba. Irin wannan firgici suka kira "panikon", wato abin Pan. Daga nan kalmar ta shiga Faransanci, sannan ta isa Turanci wajajen shekarar 1600. Daga baya aka riƙa amfani da ita a harkar kuɗi, kamar yadda mutane suka yi rububin kwashe kuɗinsu daga bankunan Amurka a 1907.

Mu da muka taso a harkar shanu mun san abin da Girkawan suka gani, ko da ba mu yarda da fassararsu ba. A kara, saniya ɗaya ce za ta zabura, kafin ka ce kwabo garke duka ya ɓalle, har a tattake mutum.

Mutane ma haka suke. Ranar 27 ga Janairu 2002, bama-bamai suka tashi a ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, kuma akasarinsu a magudanar ruwa ta Oke-Afa suka nutse wajen gudu, ba wutar ce ta ci su ba. Allah Ya jiƙansu.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa mazauna Sabo da sauran unguwanninmu na Kudu: idan saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa an fara faɗa, kada ka tura wa kowa tukuna. Kira wanda ke wurin, ko ka tuntuɓi Sarkin Hausawan unguwarku. Idan kuma gudun ya zama dole, ka riƙe hannun yara, ka san inda ka nufa.