Wa zai ji kukan talaka a kan ma'aikatan gwamnati?

Shekarun baya, wata ɗalibata ta kusa rasa jarrabawar BEPC saboda kuskuren harafi ɗaya a takardar haihuwarta. Mahaifinta ya yi ta safa da marwa zuwa wani ofishi har wata uku, kullum sai a ce masa ya dawo gobe. Ranar da ya tambaye ni, "Malam, to wa zan kai wa ƙarar su?", ban sami amsar da zan ba shi ba. Tambayarsa ce ta sa na koma bincike cikin tarihi.

Matsalar tsohuwa ce. A daulolin Musulunci akwai zaman mazalim, inda talaka ke kai kukan gwamna ko mai karɓar haraji, kuma Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi bayanin ƙa'idojinsa. Sai dai mai sauraron kukan sarki ne ko wakilinsa, don haka adalcin ya rataya a kan halin mai mulki.

A 1809 ƙasar Suwidin ta sauke sarkinta bayan ta rasa Finlan a yaƙi da Rasha. Sabon tsarin mulkinta ya ƙirƙiro muƙamin "ombudsman", kuma majalisa ce ke naɗa shi, ba sarki ba. Hikimar ke nan: wanda ake bincike ba shi ne ke zaɓen mai bincikensa ba. Denmak ta ɗauki tsarin a 1955, Tanzaniya a 1966, Faransa a 1973, Najeriya a 1975. Mu nan Nijar an naɗa Mamane Oumarou a matsayin Médiateur de la République, wato mai sasanta jama'a da hukuma, a 2008, daga baya Cheiffou Amadou ya riƙe muƙamin daga 2011.

Mai sasantawa ba alƙali ba ne. Yana karɓar koke kyauta, ya nemi ofishi ya yi bayani, ya ba da shawarar gyara, ya fitar da rahoto. Ƙarfinsa yana cikin ƴancinsa da kuma kunyar da rahoton ke jawo wa mai laifi. In aka sa shi ƙarƙashin wanda zai bincika, ko aka hana shi kuɗin aiki, ya zama kyanwar Lami. In kuma ofishinsa bai wuce Yamai ba, manomin ƙauyen Tawa ko Damagaram bai ma san da shi ba.

Ɗalibar tawa ta zauna jarrabawar, amma da taimakon wani sananne na mahaifinta. Wannan shi ke damuna har yau, domin yaron da ubansa bai san kowa ba da ya rasa shekara guda. Iyaye da ƴan uwana malamai, mu riƙa rubuta kokenmu, mu sa kwanan wata, mu ajiye kwafi, mu kuma koya wa yara cewa neman bayani daga ma'aikaci haƙƙinsu ne, ba rashin kunya ba.