Labarin Yaƙin Yunanawa da Turkawa a Cikin Bahar

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Amma bayan haka, wannan labarin yaƙin da aka yi ne bisa ruwa tsakanin Yunanawa da daular Usmaniyya, watau Turkawa, zamanin Sultan Mahmudu na biyu a Istambul, daidai da zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Farkonsa shekara ta 1236 daga hijira, ita ce 1821 ta lissafin Nasara.

Ka sani, ya kai ɗalibi, ƙasar Yunan ta yi kusan shekara 400 ƙarƙashin Turkawa, mutanenta zimmai ne, suna ba da jiziya. Cikin baharsu akwai tsibirai uku ƙanana, Hidira da Isbetsa da Ibsara. Duwatsu ne, noma ba ya ci da su, saboda haka mutanensu suka zama fataken ruwa. Zamanin yaƙe-yaƙen Nabuliyon suna ɗauko alkama daga Rasha su kai Faransa da Andalus, suna ratsa tsaron Ingilishi, suka tara dukiya, suka ɗora igwa bisa jiragensu don tsoron 'yan fashin teku. Kuma da yawa cikin matuƙan jiragen Sultan su ma Yunanawa ne. Da aka yi tawaye sai Sultan ya rasa su, ya tsaya da manyan jirage ba gwanayen tuƙi, su kuwa Yunanawa ga gwanaye ba manyan jirage.

Fasali cikin jirgin wuta. Tun da ƙaramin jirgin fatauci ba ya iya karo da babban jirgi mai igwa 70 ko 80, sai suka koma ga dabara. Su sami tsohon jirgi, su cika cikinsa da albarushi da kwalta da farar wuta da busasshen itace, su huda rufinsa domin wuta ta sami hanyar tashi. Mutum 20 ko 30 su shiga, su bi iska har su manna shi jikin jirgin abokan gaba da ƙugiyoyi. Sa'an nan shugabansu ya kunna, su faɗa kwalekwalen da suka jawo a baya, su tuƙa da ƙarfi. Kadan iska ta juya, aiki ya ɓaci, jirgi ya ƙone a banza. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, da ita Rashawa suka ƙone jiragen Turkawa a Ceshme shekara ta 1770.

Fasali cikin al'amarin Kiyos. Kiyos tsibiri ne mai arziki, kusa da gaɓar Anadul, mafi yawan mutanensa ba su so tawaye ba. Mutanen Samos suka sauka cikinsa da makamai shekara ta 1822. Sultan ya aiko da Kara Ali Basha, shugaban jiragensa, aka kashe dubbai, aka kame dubbai aka sayar bayi. Wannan zalunci ne, domin zimmin da bai warware alkawari ba jininsa haramun ne, ba a kama shi da laifin wani. Haka nan abin da Yunanawa suka yi a Tiribolitsa shekara ta 1821, inda suka karkashe Musulmi da Yahudawa har mata da yara, shi ma zalunci ne, ɗaya ba ya wanke ɗaya.

Jiragen Sultan na nan tsaye bakin Kiyos har kwanakin ƙarshe na Ramadan 1237, watan Yuni. Wani dare mai duhu an kunna fitilu bisa jirgin Basha, manya sun taru wurinsa bayan buɗa baki, tsaro ya yi sako-sako. Sai wani mutumin Ibsara, sunansa Kanaris, ya shigo da jirgin wuta ya manna. Wuta ta kama, ta kai ɗakin albarushi, jirgi ya tarwatse. An ce mutum wajen 2,000 suka halaka, har da kamammun Kiyos da ke ciki. Basha kansa guntun itacen jirgi ya faɗo masa, ya mutu. Fitilun da aka kunna don murna su suka nuna wa Kanaris hanya.

Turkawa suka rama shekara ta 1824, suka ci Ibsara suka rushe ta. Sultan kuma ya nemi taimakon Muhammadu Ali mai Masar, wanda ya kawo Faransawa suka horar masa da runduna. Ɗansa Ibrahim Basha ya sauka ƙasar Mora shekara ta 1825, ya yi ta cin garuruwa, Yunanawa kuma ga su suna yaƙar juna kan mulki da kuɗi. Tawaye ya kusa mutuwa.

Fasali cikin Nabarino. Ingila da Faransa da Rasha suka haɗa kai suka ce a tsai da yaƙi, Sultan ya ƙi. Ran 20 ga Oktoba 1827, ƙarshen Rabi'ul Awwal 1243, jiragensu 27 suka shiga mashigin Nabarino, shugabansu Ba'ingilishi Kodirinton. Jiragen Turkawa da na Masar na tsaye ciki kamar jinjirin wata, sun fi su yawa nesa, amma ba su kai su girman igwa da gwanintar harbi ba. Ba a yi shelar yaƙi ba. Wani harbi ya tashi wajen wani jirgin wuta, sai kowa ya buɗe. Kafin dare ya yi, wajen jirgi 60 na Musulmi sun ƙone ko sun nutse, dubbai sun mutu, Nasara kuwa ba su rasa jirgi ko ɗaya ba, mutanensu da suka mutu ba su kai 200 ba. Masu cewa Yunanawa suka ci Turkawa a ruwa su duba nan, domin ba jirgin Yunan ko ɗaya cikin wannan yaƙi. Jiragen wuta sun tsare tawaye shekara shida, amma igwar dauloli uku ta gama magana. Shekara ta 1830 aka rubuta 'yancin Yunan a Landan, Sultan ya yarda. Shi ne babban yaƙi na ƙarshe da aka yi da jiragen da iska kaɗai ke turawa, domin tun 1826 Yunanawa sun sami jirgin tururi mai suna Karteriya.

Sun sake gamuwa shekara ta 1912 da 1913 bakin mashigin Dardanil. Jirgi guda na ƙarfe mai suna Aberof, shugabansa Kunturiyotis mutumin Hidira, ya kore jiragen Turkawa sau biyu, Yunan ta karɓe Kiyos da tsibiran kusa da ita.

Bayan wannan sai zancen jiragen shaƙatawa masu inji, waɗanda ke ƙetare teku. Savarona an ƙera shi a Hambug shekara ta 1931, tsawonsa mita 136. Hukumar Turkiyya ta saye shi 1938 don Mustafa Kamal, wanda ya kawar da halifanci 1924, ya zauna cikinsa 'yan makonni yana ciwo, ya mutu cikin wannan shekara. Christina kuwa asalinsa jirgin yaƙi ne na Kanada, attajiri Onasis, Bayunane haifaffen Izmir, ya saye shi ya mai da shi gidan baƙi. A Isbetsa kowane watan Satumba ana sassaƙa jirgin katako mai kamar na Usmaniyya a ƙone shi cikin ruwa da dare, masu jiragen shaƙatawa su kewaye suna kallo. Tamat.