Rawar Birek: Daga Kangon Bironks Zuwa Fagen Olamfik

Duk wanda ya haura shekara hamsin a cikinmu zai tuna lokacin da kaset ɗin bidiyo ya fara shigowa unguwanninmu, samari suka riƙa shimfiɗa kwali a ƙasa suna juyi a kan gadon baya, wasu ma a kan ka. Dattawa suka ce taɓin hankali ne, mu kuwa muka ce rawar Turawa ce. Ashe duk ba mu san asalinta ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

An haifi wannan rawa a Bironks, wani yanki na birnin New York a Amurka, a farkon shekarun 1970. Kafin nan hukuma ta ratsa tsakiyar yankin da wata babbar hanyar mota, aikin da aka fara a 1948 ƙarƙashin jagorancin Robert Moses, wanda ya tashi dubban iyalai daga gidajensu. Masu hali suka ƙaura, aka bar talakawa: baƙaƙen fatar Amurka, da 'yan Fotoriko, da baƙin da suka zo daga tsibiran Karibiyan. Aikin yi ya yi wuya, gobara ta yi ta cin benaye, ƙungiyoyin 'yan daba suka raba unguwanni a tsakaninsu.

A cikin waɗannan baƙi akwai wani saurayi, Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc. An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika, iyalinsa suka koma Bironks a 1967. Ranar 11 ga Agustan 1973 ƙanwarsa Cindy ta shirya ɗan biki a zauren benen da suke haya, mai lamba 1520 a titin Sedgwick, domin ta tara kuɗin tufafin komawa makaranta. 'Yan mata suka biya santi 25, samari santi 50, yayan nata kuwa shi ne mai sa faifai.

Herc ya lura da wani abu. A cikin waƙa akwai gaɓar da mawaƙi kan yi shiru a bar ganguna su kaɗai, kuma a nan ne masu rawa suka fi zabura. Wannan gaɓa ita ake kira birek, ba ta kuwa daɗewa. Sai ya nemi faifai biyu na waƙa ɗaya, ya ɗora kowanne a kan garmahonsa, in gaɓar ta ƙare a wannan ya tayar da ita a wancan. Da haka kiɗan 'yan daƙiƙoƙi ya koma na mintoci. Faya-fayen James Brown da kiɗan Apache na ƙungiyar Incredible Bongo Band suna cikin waɗanda ya fi juyawa. To, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yaran da ke jiran wannan gaɓa su faɗa fage su ne Herc ya laƙaba wa suna bi-boi da bi-gal.

Da fari a tsaye ake yin ta. Sannu a hankali aka sauka ƙasa, mutum ya dogara da hannuwa, ƙafafu na kewaya shi. Daga baya aka ƙaro juyi a kan baya da ka, sai kuma a rufe da ƙamewa wuri ɗaya kamar an dasa mutum. Yaran sun ɗebo daga takun James Brown, da rawar salsa, da finafinan kumfu na Hong Kong. Tsarinta bai yi nisa da fagen dambe ba: a yi da'ira, gwani ya fito ya nuna abin da ya iya, abokin karawarsa ya mayar masa, 'yan kallo su raba gardama da sowa.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 da yawa daga cikin waɗanda suka fara ta sun girma sun bar ta. 'Yan Fotoriko ne suka riƙe ta, musamman ƙungiyar Rock Steady Crew da aka kafa a 1977, wadda Richard Colón, mai laƙabin Crazy Legs, ya yi suna a cikinta. A 1981 jaridar Village Voice ta buga labarin rawar, da alƙalamin Sally Banes da hotunan Martha Cooper. Finafinan Flashdance na 1983 da Beat Street na 1984 suka kai ta duniya, gidan talabijin na TF1 a Faransa ma ya buɗe mata shiri a 1984. Sunan birekdans 'yan jarida ne suka yaɗa shi, masu abin kuwa birekin suke cewa.

Da yayinta ya wuce a Amurka, sai ta sami gida a Turai da Asiya. An fara gasar Battle of the Year a Jamus a 1990, aka shigar da ita wasannin Olamfik na matasa a Buenos Aires a 2018, sannan ta hau babban fagen Olamfik a birnin Paris a 2024. Phil Wizard na Kanada ya ci zinariya a ɓangaren maza, Ami ta Japan a na mata, Maroko kuma ta wakilci Afirka. Amurka, inda aka haife ta, tagulla ta samu ta hannun Victor Montalvo, kuma ba a sa rawar cikin wasannin Los Angeles na 2028 ba.

Mu da ke zaune a zango mun san yadda ake kallon 'ya'yan baƙi. Waɗancan yara ba su da fili, ba su da malami, wutar kiɗan ma wani lokaci daga fitilar titi suke jawowa, amma abin da suka ƙaga a kan kwali ya kai inda ake buga taken ƙasashe. Ko muna son rawar ko ba ma so, in an zo ba da tarihinta a ambaci masu ita. Allah Ya shirya mana zuriya.