Ofosom, Dabbar Amurka Mai Tarewa A Ƙarƙashin Gida: Halinsa Da Yadda Ake Fitar Da Shi

Ofosom wata dabba ce ta nahiyar Amurka, girmanta kamar na mage, nauyinta daga kilo 2 zuwa 6. Duk wanda ya fara ganin hotonsa a waya zai rantse gafiya ce: ga dogon baki, ga wutsiya ba gashi, ga yawon dare. To amma ba dangin ɓera ba ne sam. Dangin kangaru ne, irin dabbobin da uwa ke renon 'ya'yanta a cikin wata zabira da ke jikin cikinta. Masana na kiran irin wanda ke ƙasar Amurka da suna Didelphis virginiana, kuma shi kaɗai ne mai zabira a ƙasashen da ke arewa da Meziko. Ana samunsa tun daga kudancin Kanada har zuwa Kosta Rika. Sunan ya fito daga harshen Fowatan, 'yan asalin yankin Bajiniya, Turawan Ingila suka fara rubuta shi wajajen 1610.

Babu shi a Najeriya. Amma ga masu 'yan uwa a Amurka, ko masu shirin zuwa karatu ko neman kuɗi, yana cikin dabbobin da mutum zai iya wayar gari ya tarar sun tare masa a gida. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne: baƙo ne mai wucewa. Yawancin asarar da ake yi a kansa, gaggawar mai gida ce ke jawo ta.

Me ke kawo shi gida?

Gidaje da yawa a Amurka na katako ne, an ɗaga su sama kaɗan, akwai sarari tsakanin ƙasa da daɓen gidan inda bututun ruwa da wayoyi ke bi. Ku ɗauka kamar shagunan katakon da ake ɗorawa kan bulo a kasuwanninmu na nan kudu saboda ruwa. Wannan sarari, da ƙarƙashin baranda, da cikin silin, da garejin mota, su ne wuraren da yake so, domin akwai duhu, ga ɗumi, ga bushewa. Ba ya haƙa ramin kansa, wanda ya tarar yake shiga, ya jawo busasshen ganye da wutsiyarsa ya yi shimfiɗa.

Na biyu abinci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ofosom ba ya zaɓe: abincin kare da na mage da aka bari a waje, kwandon shara marar murfi, 'ya'yan itacen da suka faɗo, dodon koɗi, kyankyasai, ɓeraye, ƙwan kaji, har mushe. Gidan da ya haɗa masa makwanci da tuwon dare, to zai riƙa dawowa.

Alamomin cewa yana nan su ne motsi da jan ƙafa bayan magariba, wari, kashi mai kama da na ƙaramin kare, da sawu mai yatsu biyar. Sawun ƙafar baya ya fi sauƙin ganewa, saboda babban yatsan a ware yake gefe kamar na hannun mutum.

Yana da haɗari?

Idan aka rutsa shi yakan wage baki ya nuna haƙora 50, yana huci yana dalalar da miyau. Babu dabbar tudu mai shayarwa a Arewacin Amurka da ta kai shi yawan haƙora, amma yawanci barazana ce kawai. In tsoro ya yi yawa sai ya faɗi kamar matacce, harshe a waje, wani ruwa mai ɗoyi na fita daga bayansa. Ba dabara yake yi ba, jikinsa ne ke sanƙarewa da kansa, kuma yakan ɗauki daga 'yan mintoci har zuwa awa 4. Saboda haka kar a ga ya kwanta a sa hannu a ɗauka, ko a jefa shi cikin shara.

Da wuya ya kamu da cutar haukan kare, ana danganta hakan da ƙarancin zafin jikinsa. Dafin wasu macizan Amurka ma ba ya yi masa illa kamar sauran dabbobi. Inda matsalar take shi ne ƙazanta. Fitsarinsa na iya ɗauke da cutar leftosfirosis. Ƙumar jikinsa na yaɗa zazzaɓin taifus, wanda ba ɗaya yake da taifot ba, kuma an san wannan a kudancin Kalifoniya da Tekzas. Masu dawaki kuwa sun fi kowa tsoronsa: akwai ƙwayar cuta a kashinsa wadda in ta shiga harawa ko ruwan doki takan taɓa laka da ƙwaƙwalwa, doki ya riƙa tangaɗi.

An daɗe ana yaɗa cewa kowane ɗaya na cinye dubban kaska. A 2021 wasu masu bincike suka duba cikin guda 32 a jihar Ilinoi, ba su sami kaska ko ɗaya ba.

Maganar 'ya'ya

Nan ne mutane ke yin kuskure. Cikin ofosom kwana 12 zuwa 13 ne kacal. Tana haifar 'ya'ya ƙanana kamar ƙudan zuma, wani lokaci har 20, alhali nononta 13 ne, wanda bai kama ba ya mutu. Suna zaune a zabira wata biyu da ɗoriya, sannan su koma hawa bayanta, a yaye su wajen kwana 100. Yawancin haihuwa tana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Yuni.

Idan suna cikin zabira, duk inda ta je tare suke. Amma in sun ɗan tasa takan bar su a makwanci ta fita kiwo. Wanda ya toshe ƙofa a wannan lokaci ya rufe su da rai, bayan kwana kaɗan wari da ƙudaje su hana shi zaman gidansa, ƙarshe sai an ɓalle katako an ciro. Kuma uwar ba ta komawa neman wanda ya faɗo daga bayanta. Ƙa'idar da masu kula da namun daji ke bi ita ce: in tsawonsa daga hanci zuwa gindin wutsiya bai kai santimita 18 ba, bai isa riƙe kansa ba, sai a kira su.

Yadda ake fitar da shi

Na farko, a yanke masa abinci. A shigar da kwanon kare da na mage kafin dare, a rufe shara da murfi mai kamawa, a tsince 'ya'yan itacen da suka zubo, a gyara akurkin kaji. Da ma shi ba mazauni ba ne, yakan canza makwanci bayan 'yan kwanaki. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Na biyu, a zagaya gidan da tocila da rana a gano duk wata kafa. A toshe su duka, a bar guda ɗaya, wadda aka ga ya fi bi.

Na uku, a barbaɗa fulawa a bakin wannan kafar da yamma. Bayan duhu ya yi da kamar awa biyu sai a duba. Sawu mai fita waje yana nuna ya tafi kiwo. Wasu kuma kan cusa tsohuwar jarida sako-sako, in ta kwana biyu ko uku ba a ture ta ba, babu kowa ciki.

Na huɗu, in ya ƙi tashi a takura masa. A sa fitila mai haske da rediyo a wurin, dare da rana, na wasu kwanaki. Abin da ya kawo shi duhu da shiru ne.

Na biyar, akwai ƙofa mai buɗewa waje kaɗai, ana sayarwa, kafinta ma na iya haɗawa. Ya fita ba ya iya komawa. Ba a sa ta sai an tabbatar babu 'ya'ya a ciki.

Na shida, a rufe da ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Ana binne gindinta cikin ƙasa kamar santimita 30, a lanƙwasa ta waje, don kada wata dabba mai haƙa ta sake buɗe hanyar. A sare rassan da suka taɓa rufi, domin gwanin hawa ne.

Daga nan sai shara. A sa safar hannu da takunkumi, a jiƙa kashin da ruwan bilic kafin a kwashe, a yi feshin ƙuma.

Tarko, guba da doka

Mu nan in gafiya ta dame mu, tarko ko guba ne, ba mai tambaya. Can ba haka ba ne, kowace jiha da dokarta kan namun daji. A Kalifoniya misali, wanda ya kama irin wannan dabba ba shi da izinin ɗaukarta ya kai wani wuri ya saki. Babu wata guba da hukuma ta amince a sa wa ofosom, kuma watsa kafur a ƙarƙashin gida saɓa ƙa'idar amfani da shi ne. Ban da doka ma, dabbar da ta ci guba cikin bango ko ƙarƙashin daɓe take zuwa ta mutu, ga haɗari ga yara da karen maƙwabci. Ɗan haya ya fara sanar da mai gida. In abin ya gagara, akwai ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma da kamfanoni masu lasisi.

Kar a rikita shi da na Ostareliya

Akwai wata dabba mai suna kusan iri ɗaya, fosom, mai gashi a wutsiya. Ita 'yar Ostareliya ce, an kai ta Niyu Zilan a ƙarni na 19 saboda fatarta, ta zame musu annoba. Mu da muka tashi a kara za mu fi gane zafin abin, domin ita ce babbar mai yaɗa tarin fuka ga shanunsu, shi ya sa gwamnatin can ke kashe kuɗi wajen rage ta. Na Amurka kuwa a daji da wuya ya wuce shekara 2 a duniya, mota da karnuka da sanyi ke gamawa da shi. Wanda ya kwashe abinci, ya jira ya fita da ƙafarsa, sannan ya sa raga, ya rabu da shi ba tare da wari ko tara ba.