Alƙali ya ce a kai shi magani. To, ina?

Ran 23 ga Satumba 1999, zamanin riƙon ƙwarya na Dauda Malam Wanke, aka sa hannu kan dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijar, mai lamba 99-42. Da yawa cikinmu masu karanta wannan ɗan littafi ba a ma haife mu ba a lokacin. Abin da kowa ya sani game da ita shi ne kaso: a kama ka da tabar wiwi ko ƙwaya, jandarmomi su rubuta, a kai ka gaban alƙali. Amma akwai wata ƙofa cikinta da ba a cika zancenta a fada ba. Dokar ta bai wa alƙali dama, in ya ga wanda ke gabansa shaye-shaye ya kama shi, ya tura shi neman magani, ko a madadin hukunci ko a haɗe da shi. Tarihin wannan ƙofa nake so mu bi, ƴan uwana ɗalibai, don ni dai a ganina ƙofa ce da aka kafa ba a gina ɗakin ba.

Dabarar ba tamu ba ce, aro ce. Amurka ta fara gwada ta a manyance cikin 1935, da ta buɗe wani ƙaton gida a Lexington, jihar Kentucky, rabi asibiti rabi kurkuku, ga gona ga shanu. Wasu kotu ke turo su, wasu da ƙafarsu suke zuwa. A raba mutum da ƙwaya, ya yi noma, ya sha iska mai kyau, ya yi ƙiba, a sallame shi. Da likitoci suka bi sawun waɗanda aka sallama, sai suka iske kusan tara cikin goma sun koma ruwa. Kuɗi an kashe, likitoci ƙwararru ne, amma mutum yana komawa unguwarsu, ya tarar da abokansa da mai sayar masa suna nan inda ya bar su.

Faransa, wadda daga wajenta muka gaji tsarin shari'a, ta yi tata dokar ran 31 ga Disamba 1970: mai gabatar da ƙara na iya dakatar da tuhuma in mai shan ya yarda ya bi magani. Cikin 1972 aka yi wa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kwaskwarima don ta ba ƙasashe irin wannan dama, yarjejeniyar Biyana ta 1988 ta sake nanatawa. A 1989 kuma birnin Miyami ya buɗe kotu ta musamman, inda alƙali da kansa yake ganin mai shan a kai a kai, ana auna fitsarinsa, in ya dage a yafe masa, in ya zame a ja masa kunne. Daga wannan zuri'a dokarmu ta fito. Sai dai duk waɗannan an yi su ne da tunanin hodar iblis da heroyin na manyan birane, da kuma tunanin akwai asibitin da zai karɓi mutum in alƙali ya yi magana.

Mu kuwa a Adar abin da ya same mu daban ne, kuma bai shigo da sunan maye ba. Tiramol, wato tramadol, maganin ciwo ne na gaskiya. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1977. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a so babba ya wuce 400 a yini. Wanda ya cika kasuwanninmu, mafi yawansa daga Indiya ta tashoshin ruwan kudu, yana zuwa da 120, da 200, da 225. Ku lissafa da kanku: biyu masu 225 da safe cikin shayi ko kofi, an riga an ƙetare iyaka. Shi ya sa za ka ga saurayi lafiya lau ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a ce iska ce. Ba iska ba ce, ƙwayar ce. Indiya ta sa shi cikin jerin magungunan da ake tsarewa a 2018, shekarar da Najeriya ta hana kodin na ruwa bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, amma ƴan kasuwa ba su rasa abin maye gurbi ba.

Wa ke sha? Nan ne nake so mu tsaya kaɗan. Ƙasarmu ƙasar bida ce tun kakanni. In an gama girbi, maza su kama hanyar Abijan, Legas, Kamaru, daga baya Libiya da wuraren haƙar zinariya. Har da aka fara aikin Furoje Keita a 1984, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka tare ruwa da su, don mazan ba su gida. Ɗan bida kuwa jikinsa ne jarinsa: dako, ga-ruwa, tura baro, kabu-kabu, haƙar rami. A gida ma haka ne, ban ruwan albasa a fadamun Madawa ba wasan yara ba ne. Wani ya ce maka ga abin da za ka sha ka yi aikin mutum biyu ba ka ji ba, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Ka sha, ka ga gaskiya ne. Bayan wata biyu, ran da ba ka sha ba, ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga hamma, ga zawo, barci ya ƙi, zuciya ta yi baƙi. Daga nan ba don ƙarfi kake sha ba, don ka iya tashi ne kawai. Ba na cewa babu masu sha don iskanci, akwai su, mun san su. Amma wanda ya ɗauka duk mai shan tiramol ɗan tasha ne bai zauna da ƴan bida ba.

To an kama shi, an kai shi kotu. A ce alƙalin mai tausayi ne, ya buɗe doka ya ga ƙofar nan. Ina zai tura shi? Buza ba ta da gidan da aka gina don warkar da masu shaye-shaye. Sunan da kowa ya sani shi ne Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, tafiyar yini guda a mota, kuma sunan kaɗai ya isa ya sa uwa ta ce a bar mata ɗanta, kar a ce gidansu akwai mahaukaci, gobe ƙannensa mata su rasa masu aure. Kuɗin mota, kuɗin magani, mai jinya da zai bar gona. Abin da ke kusa, mai ƙofa da makulli, wanda ba a biya, shi ne kaso.

Iyaye ma suna da tasu kotun, kuma ta girmi ta gwamnati. Gidan mari tsohon abu ne a ƙasar Hausa: a kai kangararre ko mai taɓin hankali wajen malam, a sa masa ƙarfe a ƙafa, a ba shi rubutu, ya yi karatu. Da ƙwaya ta yawaita sai gidajen suka cika. Cikin Satumba 2019 ƴan sanda suka fasa wani a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa, wasu da tabon duka a baya. Wata mai bi aka fasa wani a Daura. Duniya ta yi ca a kan iyayen. Ni kam, abin da aka yi wa yaran nan zalunci ne, ba ni da wata kalma. Amma uban da ya sayar da tunkiya ya biya a ɗaure ɗansa ba don ƙiyayya ya yi ba. Ya duba gabas da yamma ne bai ga kowa ba. An rufe gidajen, ba a ce masa ga inda zai kai yaron ba.

Akwai wani bincike da ya kamata mu sani. Wata malama Ba'amurkiya, Lee Robins, ta bi sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971. Wajen ɗaya cikin biyar heroyin ta kama su a can. An zaci bala'i zai biyo su gida, amma cikin shekarar farko kusan biyar cikin ɗari ne kawai na waɗanda ta kama suka sake kamuwa. Ku aza wannan kusa da Lexington. Can an warkar da mutum an mayar da shi cikin abin da ya jefa shi. Nan kuwa yaƙin ne ya ƙare, wuri ya sake, abokai suka sake, ƙwayar ta yi nisa. Namu ɗan bida irin na Lexington ne. Wata shida a kaso ko a mari na iya wanke jikinsa sarai, wallahi yana fitowa da kumatu. Amma baro yana jiransa, bashin da aka ci don fitar da shi yana jiransa, mai tebur ɗin magani yana bakin tasha.

Maƙwabta sun fara motsi. A 2014 kwamitin da Kofi Annan ya kafa, ƙarƙashin Olusegun Obasanjo, ya ce a daina ɗaure masu sha, a maida ƙarfi kan manyan dillalai. Ƙarshen wannan shekara Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar, inda mutum ke zuwa ya karɓi magani ya koma gida, ba a kulle shi ba. Gana ta yi doka a 2020 da ta maida hukuncin mai riƙe da ɗan abin shansa tara maimakon ɗauri. Mu kuma hukumar OCRTIS tana kamu, har tan 17 na wiwi ta kama a Yamai cikin Maris 2021, kuma kowace 26 ga Yuni ana taron ranar yaƙi da ƙwaya, a yi jawabi, a tara mu ƴan lakwal mu tafa.

Abin da Buza ke bukata bai kai girman Lexington ba. Malamin asibiti guda a asibitin gunduma da aka horar ya san yadda ake rage wa mutum tiramol sannu a hankali, don yanke shi farat ɗaya ne ke sa a gudu a koma. Rana guda a mako da za a riƙa ganin mutum bayan an sallame shi. Alƙali da ke da lambar wayar wannan malamin. Da wani babba cikin dangi ko limamin unguwa da zai tsaya ya ce shi zai riƙa kawo yaron, ya kuma nema masa aikin da ba na dako ba a watannin farko. In an sake yin taron 26 ga Yuni aka ba ɗalibai damar tambaya, ni tawa ita ce: tun 1999 zuwa yau, mutum nawa kotun Buza ta tura magani, kuma wane asibiti ya karɓe su?